Ciwon Tukunyar Gas Da Maganinsa

Tun da hunturu ya kama, takardu uku suka iso mini a kan magana guda, saboda haka na ga ya kyautu in haɗa su in ba da amsa gaba ɗaya. Ta farko daga wani malamin makaranta ce a Gummi, ya ce wutar murhunsa na gas ta koma ja, tana shafa wa tukwane baƙi kamar an ɗora su bisa itace. Ta biyu daga wani akawu ce a Bukkuyum, ya ce gas ɗin da ya saba kai masa wata guda yanzu ko mako uku ba ya kaiwa, yana tambaya ko masu sayarwa ne ke cutarsa. Ta uku kuwa wani dattijon malami ne a nan Anka ya aiko, ya ce ɗansa da ke karatu a Ingila ya ba shi labarin wata tukunyar gas da ke ɗumama gida duka, ta lalace musu cikin tsananin sanyi, kuma aka ce kada ya taɓa ta sai mai gyara ya zo. Malam yana so ya san ko irin tamu ce, in kuwa irinta ce, don me mu a nan kowa ke kwance tasa da hannunsa?

Tambaya rabin ilimi. Amma kafin in amsa, bari in fara tona asirin kaina, gama ni ma da kyar na sha.

Wata asuba cikin sanyin bara, uwargida ta riga ni tashi don ta ɗora ruwan alwala. Ta shiga ɗakin girki ta tsaya shiru. Na biyo ta da ashana a hannu, domin makunnin murhunmu ya daɗe da mutuwa. Har na zaro tsinke, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Malam, tsaya! Kada ka ƙyasta. Ba ka jin wari?" Ni kuwa mura ta toshe mini hanci, ban ji kome ba. Ta lallaɓa ta rufe kan tukunya, ta buɗe ƙofa da taga, muka fita tsakar gida muka yi alwala da ruwan sanyi. Da gari ya waye muka duba, ashe inda ɓera ya taɓa cizon tiyo ne ya buɗe. Watanni biyu kafin wannan na ga cizon, na ƙi sayen sabo, na naɗe wurin da tsohuwar robar keke, ina ganin na yi dabara. Da ta bar ni na ƙyasta ashanar nan, da yau wani ne ke rubuta muku wannan fili. Laifin ba na mai sayarwa ba ne, ba na ɓera ba ne, nawa ne.

Daga ran nan na shiga neman sanin wannan baƙo da muka saukar cikin gidajenmu. Ga abin da na samu, a taƙaice: ciwon gas iri biyu ne. Akwai wanda mai gida zai gyara da hannunsa, akwai kuma wanda maganinsa ɗaya ne tak, watau a rufe kan tukunya a fita waje. Duk wanda ya iya rarrabe waɗannan biyu ya gama karatun gas.

HALIN BAƘON

Ba marmari ya kawo gas ƙasarmu ba, tilas ce. Da can mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba ya tunanin makamashi, ga daji kewaye da shi. Yau shiga daji neman itace ya zama sai da rai saboda 'yan bindiga, itacen da ya iso kasuwa kuwa ya yi tsada, haka gawayi. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tun da gwamnati ta janye tallafinsa cikin 2016. Cikin 2021 kuma gwamnatin tarayya ta yi shelar shekara goma ta bunƙasa gas. To, sai tukwanen gas suka yawaita, masu kilo 3 da kilo 6 waɗanda a ke ɗaura wa murhu a ka, da masu kilo 12.5 waɗanda a ke haɗawa da tiyo. Tukunya ta shigo gida, amma iliminta bai biyo ta ba.

Halinsa uku ya kamata kowa ya haddace. Na farko, abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne, an matse shi da ƙarfi. In ya sami kafa sai ya zama iska, kuma lita ɗaya ta ruwan takan ba da wajen lita 250 ta iska. Saboda haka 'yar huda kamar ta allura ta isa ta cika ɗaki cikin dare ɗaya. Kashi biyu kacal cikin ɗari na iskar ɗaki in ya zama gas, ƙyastu ɗaya ya isa.

Na biyu, ya fi iskar da mu ke shaƙa nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya ya ke yi a ƙasa kamar ruwa, ya bi gangare, ya taru ƙarƙashin gado da cikin rami da kwata. Wanda ke tsaye ya yiwu bai ji shi ba, alhali yaron da ke kwance bisa tabarma yana cikinsa tsundum.

Na uku, shi kansa ba shi da wari. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan a ke zuba masa. A ƙasar Amurka, cikin jihar Texas, ran 18 ga Maris 1937, gas marar wari ya taru ƙarƙashin wata makaranta a garin New London, ba wanda ya sani, har ya tashi da ita, yara da malamai kusan 300 suka hallaka. Bayan wannan ne aka kafa doka can a riƙa sa wa gas wari. Don haka in ka ji warin nan kada ka tsine masa, ɗan aike ne ya zo maka da gargaɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira, haka ma hanci.

CIWON DA ZA KA GYARA DA KANKA

Sharaɗi guda ne kafin ka taɓa kome: ka rufe kan tukunya, ka bari murhu ya huce, ka yi aikin da rana a sarari.

In murhu ya ƙi kamawa, fara da abu mai sauƙi. Ɗaga tukunya ka ji nauyinta, watakila gas ne ya ƙare. Duba ko kan da ke daidaita ƙarfin gas, wanda a ke kira regulato, ya zauna sosai an kuwa buɗe shi. Duba ko wani abu ya danne tiyo ko ya lanƙwashe. In duk lafiya, amma kana murɗa makunni ba ka ganin tartsatsi, to makunnin ne ya jiƙe da miya ko ya mutu. Share shi ka bari ya bushe. In za ka kunna da ashana, ƙyasta tukuna ka kai ta bakin murhu, kana ka buɗe gas. Wanda ya buɗe gas ya tafi neman ashana, gemunsa ya ke wa kasada. In ka gwada sau biyu bai kama ba, rufe ka dakata kaɗan iska ta kwashe wanda ya fita.

Yanzu ga amsar malaminmu na Gummi. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, tsayayya, ba ta hayaƙi. In ta koma ja ko rawaya, tana rausaya kamar ta aci-bal-bal, iska ce ta yi mata kaɗan. Ƙarƙashin kan murhu akwai 'yar huda da gas ke fitowa, da wata kafa kusa da ita inda ya ke jan iska su gauraya. Ƙurar hunturu, da kunu ko miyar da ta zube, da saƙar gizo-gizo, duk suna toshe waɗannan. Na taɓa ganin murhun da aka ajiye kwana ashirin, zanzaro ya yi gini a cikinsa. Maganin: cire kan murhun, wanke shi da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, bi ramukansa ɗaya ɗaya da tsinke, shanya shi ya bushe sarai, sa'an nan ka mayar ya zauna daidai. Amma 'yar hudar gas ɗin nan, Malam, kada ka zura mata allura ko ƙusa, goge ta kurum da buroshi. Da awo aka huda ta. In ka faɗaɗa ta, gas zai fi iska yawa, ja ya zauna ke nan har abada, kuɗinka kuwa suna tafiya cikin baƙin gindin tukunya.

In wuta ta yi rauni, tana nan shuɗiya amma ba ƙarfi, ko dai gas ya kusa ƙarewa, ko tukunya ce ta yi sanyi. Ruwan gas sai ya ja zafi daga jikin tukunya ya ke zama iska, saboda haka in aka ɗora babbar tukunyar ruwa bisa ƙaramar tukunyar gas da sanyin asuba, sai ka ga jikinta yana zufa, wuta tana ja da baya. Inda zufar nan ta tsaya, nan ruwan gas ya tsaya, ka ga awo kyauta. Maganin haƙuri ne: rage wuta, ko ka kashe ta huta. Kada ka jijjiga tukunya, kada ka kwantar da ita, kada kuwa ka kusantar da ita ga garwashi wai ta ji ɗumi. Tukunyar da aka kwantar ruwa ta ke turowa maimakon iska, sai wuta ta yi tsalle har rufin ɗaki.

In kuma wuta tana gurnani, tana tashi daga bakin murhu, ko tana mutuwa da 'yar ƙara, duba ko kan murhu ya karkace ko da sauran ruwa cikin ramukansa, ko iskar waje ke bugunta. In ka gyara waɗannan ba ta daina ba, regulato ne ya gaji, yana sakin gas fiye da kima. Shi kuwa ba a gyaransa, sai a sake sabo.

AMSAR AKAWUN BUKKUYUM

Malam, kafin ka zargi kowa, sa sikeli ya yi shari'a. A wuyan kowace tukunya ta ƙwarai an buga nauyinta in ba kome ciki, galibi bayan haruffan TW. Misali, in an buga 14, ka kuwa biya kuɗin kilo 12.5, lalle sikeli ya nuna 26.5. A auna a gabanka kafin a zuba, a auna bayan an zuba. Mai gaskiya ba ya fushi da sikeli. Kada kuma ka roƙi gyara kamar mai sayen gero, gama da gangan a ke barin wajen kashi ɗaya cikin biyar na tukunya fayau, domin ruwan gas yana kumbura da zafi. Ka san zafin bazara a ƙasar nan, yakan wuce awo 40. Tukunyar da aka cika maƙil aka bari cikin rana ba ta da wurin numfashi.

In awo ya cika amma gas bai daɗe ba, to ko dai jar wuta ke cinye shi, ko kuwa yoyo ya ke yi. Ga yadda a ke gane yoyo: dama sabulu da ruwa ya yi kumfa, kashe murhu, buɗe kan tukunya, shafa kumfar a bakin tukunya, da gindin regulato, da tsawon tiyo duka, da inda ya shiga murhu. Inda ka ga kumfa tana hura ƙwai tana girma, nan ɓarawon ya ke. Na sha ganin masu neman yoyo da ashana. Wannan kam zai samu, amma ba zai ba da labari ba.

In yoyon a tiyo ne, a yar da shi a sayi na gas na ainihi, a ɗaure bakinsa biyu da ƙarfen ɗauri mai noti, ba da waya ko tsumma ba. Tiyon ban ruwa ba na gas ba ne, gas yana cin sa. Ko bai huje ba, in ka lanƙwasa shi ka ga ya yi tsaga-tsaga kamar faso, ya gama aiki. In yoyon a mahaɗar tukunya ne, duba 'yar robar nan zagayayya da ke zaune a bakin. Ita ce mafi araha cikin kayan duka, ita ce kuwa ta fi jawo hasara, musamman ga masu kilo 3 da 6 da a ke kwance musu kai duk lokacin sayen gas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

CIWON DA BA A GYARAWA

In kumfa ta nuna yoyo daga jikin tukunya, ko daga kanta bayan ka rufe shi tam, ka kai iyakarka. Haka in gindinta ya ci tsatsa, ko ta lotsa, ko ta taɓa shiga gobara. Kada ka kai ta wurin mai walda, kada ka liƙe ta da sabulu ko ƙaro. Fitar da ita fili nesa da wuta, ka nemi masu sana'ar. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, a riƙa gwada ta kuma duk shekara 5. Shekarar da aka ƙera ta tana buge a wuyanta. In za ka sayi ta hannu wadda aka shafe da sabon fenti har lambar ta ɓace, ka tuna araha ba ta ado.

In ka shiga ɗaki ka ji wari, ga abin yi bi da bi. Kada a ƙyasta kome. Kada a taɓa maɓallin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin tartsatsin cikinsa ya isa. Rufe kan tukunya. Buɗe ƙofa da tagogi. Fitar da yara da tsofaffi. A kashe wutar itace da ke tsakar gida, a gaya wa maƙwabta su kashe tasu, kada kuwa a ta da janareto. Ba a komawa sai warin ya tafi ƙaf, har a ƙasa. In wuta ta kama a tiyo, hannunka kuwa zai kai kan tukunya, naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ka rufe, wutar za ta mutu don kanta. Amma in harshen wuta ya riga ya rufe tukunyar, bar dukiya, kowa ya yi nisa. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi na wajen minti 20, a kai shi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

Saura guda, ita ce ta fi ba ni tsoro, gama ba ta da wari ko kaɗan. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska, ta gas ce ko ta gawayi, tana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Cikin hunturu mutane kan shigar da murhu ko kaskon garwashi ɗakin kwana, su toshe ƙofa da taga, su ɗora ruwan wanka, su ce su ji ɗumi. Alamarta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi, sau da yawa ga mutanen ɗaki duka lokaci guda, su kuwa ji sauƙi in sun fita waje. Wanda barcin ya ɗauke ba lalle ya farka ba. Da safe sai a ce iska ce ta taɓa su. Iska ce kuwa, amma ba irin wadda a ke nufi ba. Mu mutanen wannan yanki bai kamata a yi mana dogon wa'azi ba. Cikin 2010 mun binne yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda gubar dalma da ta shigo gidaje cikin duwatsun zinariya, ba a ganinta, ba a jin warinta. Abin da ido bai gani ba yana kisa, har cikin ɗakin uwa.

AMSAR MALAM

Allah ya gafarta Malam, tasu da tamu 'yan'uwa ne amma ba tagwaye ba. Can gas ta bututu ya ke zuwa ƙarƙashin ƙasa, wani iri ne kuwa da ya fi iska sauƙi. Tukunyar tana maƙale a bango, tana dafa ruwa, injin yana tura shi ya zaga ɗakuna. Ciwonta sananne ne: ƙarfin ruwa ya faɗi, alhali allurar awo tsakanin 1 da 1.5 ya kamata ta tsaya. Ko bututun waje ya daskare da ƙanƙara. Ko farar ƙasar ruwa ta taru ciki har ta riƙa kuka kamar buta. Mai gida yakan ƙara ruwa, ya narkar da ƙanƙara da ruwan ɗumi, ya danna maɓallin sake tashi. Iyakarsa ke nan. Abin da ya shafi gas kansa, doka ta hana kowa yin sana'ar gyaransa sai mai rajista, kuma tun 2009 sunan rajistar Gas Safe. Mai ba da hayar gida tilas ne ya sa a duba tukunyar kowace shekara. Watau su ma raba ciwon suka yi biyu, sai dai su doka ce ta ja musu iyaka. Mu a nan ba mai zuwa ya duba mana, saboda haka kowane mai gida shi ne sufeton gidansa.

A nan ne na ke da ƙorafi a kanmu, mu masu karatu. Mu ke sayo tukunya, mu ɗauro ta a babur, wani ma a kwance, mu dire a ƙofar ɗakin girki mu tafi ofis ko makaranta. Waɗanda za su wuni da ita, matanmu da 'ya'yanmu mata, ba wanda ya zauna ya nuna musu kome. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya tara iyalinsa a daren yau ya karanta musu, gobe da hantsi kuma a dama sabulu a gwada tare, kowa ya kama kan tukunya ya rufe ya buɗe har hannunsa ya saba. A mai da rufe kan tukunya bayan girkin dare kamar rufe ƙofar gida. Malaman makaranta su ɗauki darasi guda a kan wannan, limamai kuma su tsoma baki bayan salla, gama tsare rai yana cikin addini. Rigakafi ya fi magani.

Ni dai tun daga asubar nan na sayi sabon tiyo, na kuwa daina yi wa uwargida musu in ta ce ta ji wari. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya sa mu ga bayan hunturu lafiya, amin. Mai wata tambaya ya aiko, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.

Naku,
Mai Ba Da Shawara, Anka.